Yadda Ake Sa Hitar Ruwa Ta Kunna Kanta a Gidan da Ya Dogara da Sola Kaɗai

Gabatarwa

Tun ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur, lissafin wuta a gidajenmu ya canza. Janareta ya zama abin da ake tayarwa sai dole, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wuta zuwa naira 225 ga masu rukunin A. Wannan ya sa magidanta da dama suka koma ga sola, wasu ma gidajen nasu tun asali ba a jawo musu wayar NEPA ba. A irin waɗannan gidaje fitila da fanka da firji ba su cika ba da wahala ba. Inda ake samun cikas shi ne ruwan zafi. Sau da yawa mai haɗa sola kan gargaɗi maigida da cewa kada ya kuskura ya jona hita, in kuwa ya jona, batir ya mutu, to babu ruwansa.

Gargaɗin yana da tushe, amma bai cika ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa hita na iya zama lafiya a gidan sola, muddin aka san lokacin da ya dace ta kama da lokacin da ya dace ta tsaya, aka kuma damƙa wannan hukunci ga na'ura maimakon a bar shi ga ɗan'adam mai mantuwa.

Nawa ne kuɗin ruwan zafi a wuta?

Kafin a je ga na'ura, ya kamata mai karatu ya riƙe lissafi guda ɗaya, domin duk sauran bayanin a kansa ya hau. Ana auna wutar da aka sha da yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, irin dai wanda mita ke ƙirgawa. Domin a ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyas, ana bukatar wat-awa 1.16. Ruwa yana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar zafafawa, kuma saboda wannan dalilin ne ya fi yawancin abubuwa riƙe zafi.

Alal misali, a ɗauki hita mai cin lita 50, a ce ruwan ya shiga da zafin digiri 25, ana so ya kai 60. Tazarar ita ce digiri 35. Idan aka ninka 50 sau 35 sau 1.16, za a sami wat-awa 2,030, wato yunit 2 da ɗan kai. Hita mai ƙarfin wat 1,500 za ta gama wannan aiki cikin awa ɗaya da minti ashirin. A wuri mai sanyi kamar Jos, inda ruwan tanki kan sauka zuwa digiri 15 a lokacin hunturu, aikin zai ci yunit 2.6, kuma zai ɗauki awa ɗaya da minti arba'in da biyar. Wannan lita 50 ba kaɗan ba ce, domin ba a wanka da ruwa mai digiri 60. In aka sirka shi da ruwa mai digiri 25 har ya dawo 40, ana samun kimanin lita 115, ke nan wankan mutum shida ko bakwai da bokiti.

Yanzu a kwatanta yunit 2 ɗin da abin da batir ke riƙewa. Batir ɗin dalma mai bolt 12 da amfa-awa 200, wanda aka fi sani a kasuwanninmu, yana ɗauke da yunit 2.4 a rubuce, amma rabi kawai ya kamata a ci in ana so ya yi ƙarko. Gidan da ke da irin wannan batir guda biyu, yunit 2.4 ne nasa na dare gaba ɗaya. Idan aka kunna hita da asuba, ita kaɗai za ta lashe kusan duka. Abin bai tsaya nan ba. Hita mai wat 1,500 tana jan kusan amfa 70 daga batura masu bolt 24, alhali kuwa an auna ƙarfin batir ɗin ne a kan jan amfa 10 na tsawon awa ashirin. Tun a shekarar 1897 wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Peukert ya nuna cewa batir ɗin dalma yana ba da ƙasa da abin da aka rubuta masa idan aka zuƙe shi da sauri. Wannan shi ne asalin gargaɗin masu haɗa sola, kuma sun yi gaskiya.

Wutar da ake zubarwa da rana

Sai dai kuma akwai ɗaya gefen da ba a cika lura da shi ba. A gidan da ke haɗe da layin gwamnati a ƙasashen da aka yarda da haka, rarar wutar sola tana komawa layi ne a biya maigida. A gidan da ba shi da layi, rarar ba ta da wurin zuwa. Da zarar batir ya cika, kwantrola, wato na'urar da ke tsakanin farantan sola da batir, sai ta rage abin da take karɓa daga farantan, ta bar daidai abin da gida ke sha. Rana na dukan farantai, amma wutar ba a ma samar da ita ba.

Mu ƙaddara wani gida mai farantai takwas, kowane wat 450, jimilla kilowat 3.6, da batir ɗin litiyam mai yunit 5.12. A ranar da gari ya yi garau, irin waɗannan farantai na iya ba da yunit 13 ko fiye. A ce gidan yana shan yunit 7 dare da rana. Batir ɗin da ya kwana yana aiki zai cika wajen tsakar rana, daga nan har zuwa la'asar farantan da ke iya ba da wat dubu biyu sai su koma ba da ɗari huɗu kacal, domin firji da fanka kawai ke aiki. Yunit biyar zuwa shida ke salwanta kullum a wannan gida, alhali hitar yunit biyu take nema.

Ke nan tukunyar hita wani batir ne na biyu, mai arha, wanda ke ajiye wuta a siffar zafi. A zafafa ruwa da ƙarfe ɗaya na rana, a yi wanka da shi da daddare ko da asuba. Tukunya mai rufi mai kyau takan yi asarar kusan yunit ɗaya a awa ashirin da huɗu, saboda haka ruwan zai ɗan huce kafin safiya, amma zai isa wanka. Wannan dabara ta shafi hita mai tukunya ce kawai. Irin wadda ake liƙawa a bayan gida tana zafafa ruwa nan take, mai jan kilowat uku da rabi zuwa sama, ba ta da abin ajiya, kuma ba ta dace da ƙaramin gidan sola ba ko kusa.

To me ya hana maigida ya kunna da hannu? Babu abin da ya hana, illa dai lokacin da ya dace a kunna shi ne lokacin da kowa ke wurin aiki ko makaranta. Wanda aka bar wa sallahu kuma, ranar da ya manta bai kashe ba, hadari ya taso, hitar za ta koma kan batir, gida ya kwana a duhu.

Mataki na farko: agogo

Mafi sauƙin hanya ita ce makunni mai agogo, a saita shi ya kama ƙarfe 12 ya tsaya ƙarfe 3. Yana da arha, kuma ya fi kunnawa da asuba nesa ba kusa ba. Abin lura a nan shi ne tsakar rana ta agogo dabam, ta sararin sama dabam. An gina agogon Nijeriya ne a kan layin digiri 15 na gabas, kuma kowane digiri ɗaya zuwa yamma yana jinkirta rana da minti huɗu. Saboda haka rana kan kai tsaka a Maiduguri jim kaɗan bayan ƙarfe 12, amma a Legas ko Ibadan sai wajen ɗaya saura kwata, da ɗan gaba ko baya gwargwadon wata. Mazaunin kudu maso yamma da ya kwaikwayi saitin wani na arewa maso gabas zai kunna hitarsa kafin batir ya cika.

Aibin agogo shi ne makaho ne. Bai san an yi hadari ba, bai san ƙurar hunturu ta rufe farantai ba. A kudancin ƙasar nan, inda hasken rana ya gaza na arewa, kuma daga Yuni zuwa Satumba ake iya kwana uku gajimare bai yaye ba, agogo kaɗai zai riƙa cin batir a ranakun da ake lallaɓa shi.

Mataki na biyu: tambayar batir

Abin da ya fi shi ne a sa na'ura ta tambayi batir ko ya ƙoshi. A batir ɗin dalma ana iya gane haka ta bolt. Kwantrola tana cajin sa a zango uku: da farko ta tura masa duk abin da ta samu, sannan ta riƙe shi a wajen bolt 14.4 ga kowane batir mai 12 yana tsotsa a hankali, daga ƙarshe ta sauko da shi zuwa wajen 13.6 don kawai kada ya sauka. Zango na biyun nan yana da matuƙar muhimmanci. Batir ɗin da ba a barin sa ya kammala shi, wani gishiri kan daskare a jikin farantansa na ciki, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Duk tsarin da ke ƙwace wuta ya ba hita kafin batir ɗin dalma ya shiga zango na uku, yana zafafa ruwa ne da rayuwar batir. Wannan ɓarna ba ta bayyana a mako ɗaya, sai bayan watanni, lokacin da ba wanda zai tuna da hita.

A batir ɗin litiyam irin LiFePO4 kuwa, bolt ba ya faɗin gaskiya. Daga kashi 20 cikin ɗari har zuwa wajen kashi 90, bolt ɗinsa kusan a tsaye yake, bambancin ɗan kaɗan ne. Saboda haka sai a dogara da ƙididdigar kashi nawa ya rage, wadda ƙwaƙwalwar batir ɗin ke bayarwa, ko wani ma'auni da ake ɗaurawa a kan wayar batir yana ƙirga duk amfan da ya shiga da wanda ya fita. Ita ma wannan ƙididdiga tana kaucewa sannu a hankali, kuma ba ta daidaita sai batir ya cika maƙil. A daidai wannan cikar ne kuma ƙwaƙwalwar ke daidaita ɗakunan batir ɗin da junansu. Don haka ko da litiyam ne, ya kamata a bar shi ya kai ɗari bisa ɗari a kai a kai, ko da sau ɗaya ne a mako.

Inbatoci da yawa na zamani sun zo da wannan hidima a cikinsu. Na kamfanin Deye suna da wata mafita da ake iya saitawa ta ba da wuta idan batir ya kai wani kashi, ta yanke idan ya sauka zuwa wani. Kayan Victron suna da rile da ake tsara masa irin wannan sharaɗi. Wanda ke da ɗayan waɗannan ya riga ya yi rabin tafiya ba tare da ya sayi komai ba.

Lambobi biyu ake sawa, ba ɗaya ba, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa. A ce an saita hita ta kama a bolt 54, ta kuma tsaya da zarar an sauka ƙasa da 54. Tana kamawa, nauyinta zai danne bolt ɗin, na'ura ta ga an sauka ta kashe. Tana kashewa, bolt ya koma sama, na'ura ta sake kunnawa. Haka za a yi ta yi, kunna kashe, sau da yawa a cikin minti ɗaya, har bakin rile ya ƙone. Maganin shi ne a bar tazara: ta kama a kashi 95, kada ta tsaya sai a kashi 88. A ƙara da jinkiri, wato sharaɗin kunnawa ya tabbata na minti biyar a jere kafin a yi aiki da shi, kuma in an kashe a dakata kwata kafin a sake gwadawa. Da haka gajimaren da ya gifta na minti ɗaya ba zai rikita tsarin ba.

Rarar da ba a gani

A nan ne gidan da ba shi da layi ya bambanta ƙwarai da mai layi. Mai layi yana ganin rararsa a mita tana fita. Marar layi kuwa, in batir ya cika, allon kwantrola zai nuna masa wat 400, kuma ba zai iya cewa ko iyakar abin da rana ke bayarwa ke nan ba, ko kuwa akwai wat 2,000 a ɓoye da ba a nema ba. Na'urar da aka ce ta jira sai farantai sun ba da wat 1,500 kafin ta kunna hita, za ta yi ta jira har rana ta faɗi.

Hanyoyin fita daga wannan sun kai uku. Ta farko ita ce gwaji: idan batir ya cika kuma lokaci ya yi, a kunna hitar, a ba kwantrola minti biyu ko uku ta buɗe hannunta, sannan a duba ko batir na zuba. In farantai sun ɗauki nauyin, a ci gaba. In batir ya ci gaba da fitar da wuta mai yawa, a kashe a jira. Ta biyu ita ce duba bolt ɗin farantai, domin idan kwantrola ta rage karɓa, bolt ɗinsu yakan haura zuwa kusa da na farantin da ba a jona shi da komai ba, kuma wannan alama ce ta rara. Ta uku tana samuwa ne a manyan tsare-tsare, inda inbatar batir ke ɗaga bugun wuta daga 50 zuwa wajen 52 a daƙiƙa don ta gaya wa inbatar farantai ta sassauta. Akwai na'urori irin su AC-THOR na kamfanin my-PV da ke sauraron wannan bugu, suna tura rarar cikin hita daidai gwargwado. A ganina hanyar gwaji ta wadatar ga gida matsakaici, domin ba ta bukatar sayen wani abu mai tsada, kuma asararta ba ta wuce 'yan mintoci na wutar batir ba.

Ƙaramar hita ta fi babba

Mutane kan so hita mai kilowat 3 saboda sauri. A gidan sola sauri ba shi da amfani, domin awa uku zuwa huɗu ake da su. Rarar wat 3,000 ba ta samuwa sai na ɗan lokaci a ranar da ta fi kowace haske, amma rarar wat 1,000 tana samuwa yawancin ranaku. Ƙarfen zafi mai wat 1,000 zai gama yunit 2 cikin awa biyu ba tare da ya taɓa batir ba, kuma ya bar wa inbata sararin ɗaukar sauran kayan gida. A tukunyar da ke da ƙarfen zafi biyu masu wat 2,000 kowane, in aka jera su ɗaya bayan ɗaya a kan layi guda, su biyun tare wat 1,000 za su ja. Wannan aiki ne na ƙwararren mai gyaran wuta, ba na ɗan koyo ba.

Wasu kan yi tunanin jona farantai kai tsaye da hita a huta da inbata. Ana yi, amma da kayan da aka ƙera domin haka. Tamostat ɗin hita ta gida an yi shi ne don wutar AC, wadda ke sauya alkibla, tana ratsa sifili sau ɗari a daƙiƙa, abin da ke kashe tartsatsi idan baki ya buɗe. Wutar DC ta farantai ba ta yin haka. Tartsatsin kan ci gaba da ci har bakin ya narke ya manne, hitar ta ƙi tsayawa.

Ƙwaƙwalwa da hannu

Idan sharuɗɗan sun yi yawa har inbata ba za ta iya riƙe su ba, sai a kawo ƙaramar kwamfuta. Wadda ta fi yaɗuwa a wannan fage ita ce manhajar Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara a shekarar 2013, kyauta ce, kuma tana aiki a kan Raspberry Pi, kwamfuta mai girman tafin hannu da ke shan wat biyar ko makamancin haka. Tana karanta bayanan inbata da na batir, ta karanta zafin ruwa daga wani ɗan ma'auni irin DS18B20 da aka haɗa da allon ESP32, sannan ta ba da umarni. Ƙa'idar da za a rubuta mata ba ta fi haka ba: idan lokaci yana tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 4, batir ya kai kashi 95 na minti biyar, ruwa bai kai digiri 55 ba, kuma nauyin da ke kan inbata bai wuce rabi ba, kunna. Idan batir ya sauka zuwa 88, ko yana zuba na fiye da minti uku, ko nauyin inbata ya kusa iyaka, ko ruwa ya kai 60, kashe.

Ana iya ƙara mata hasashen hasken rana daga intanet, irin na Solcast, ta yadda in an ga yamma za ta yi hadari sai ta tsananta sharaɗi. Yana da amfani a damina. Amma hasashe bai san ƙurar da ta kwanta a kan farantanka ba, kuma abin takaici, hunturun da ke sa a fi bukatar ruwan zafi shi ne ke kawo ƙurar. Bokitin ruwa da tsumma da sassafe sun fi kowace manhaja amfani a watan Janairu.

Abubuwa biyu bai kamata a yi sakaci da su ba. Na farko, hukuncin ya kasance a cikin gida ake yanke shi. Akwai soket-soket masu arha da ake sarrafawa da waya, waɗanda jadawalinsu da sharuɗɗansu sai sun bi ta wata kwamfuta a ƙasar waje. Ranar da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, umarnin kashewa ba zai iso ba. Na biyu, a tsara ta yadda in wani abu ya lalace, hitar kashewa za ta yi. In labarin batir ya daina zuwa na minti biyar, kada na'ura ta ɗauka lambar ƙarshe da ta gani tana nan, ta yanke wuta kawai.

Game da hannun da ke kunnawa kuwa, hita mai wat 2,000 tana jan amfa 8.7 a kan bolt 230, mai wat 3,000 kuma amfa 13, na tsawon awoyi ba hutawa. Ƙananan soket da aka rubuta musu amfa 10, ko ma 16, sukan yi zafi a irin wannan aiki har roba ta narke. Abin da ya dace shi ne ƙaramin rile ya ja kwantakta mai amfa 25, irin wadda ke zama a buɗe in ba a ba ta wuta ba, ita kuma ta ɗauki nauyin hitar. Wayar kada ta gaza milimita 2.5, a haɗa jikin hitar da ƙasa yadda ya kamata, a kuma sa makarin da ke yanke wuta in ta zurare da miliamfa 30. Tamostat ɗin hitar na asali da bawul ɗin da ke sakin tururi a bar su a inda suke. Kwamfuta ƙari ce a kansu, ba ta maye gurbinsu.

Famfon burtsatse da tanki marar ruwa

Yawancin gidajen da ba su da layin wuta, ba su da ruwan famfon gwamnati, da burtsatse da tankin sama suke rayuwa. Wannan ya haifar da matsala biyu. Injin jan ruwa shi ma rarar rana yake jira, kuma lokacin tashinsa yakan ja ninki uku zuwa biyar na abin da aka rubuta masa. In ya tashi hita na kunne, ƙaramar inbata na iya faɗuwa, gida ya ɗauke gaba ɗaya. Tsarin da ya dace shi ne batir ya fara ƙoshi, sai tanki ya cika, sannan hita ta zo ta uku, kuma duk lokacin da injin zai tashi a dakatar da ita. Matsala ta biyu ita ce idan tankin sama ya ƙare, tukunyar hita na iya zama fanko, kuma ƙarfen zafi da aka kunna babu ruwa yakan ƙone cikin ƙanƙanin lokaci. Mutum zai iya lura, na'ura kuwa sai an gaya mata. Makunni mai balbal da ke iyo a cikin tanki, wanda masu aikin famfo suka saba sawa, ya isa ya zama ɗaya daga cikin sharuɗɗan kunnawa.

Ruwan ɗumi da lafiya

A shekarar 1976 wata cutar huhu ta ɓarke a tsakanin tsofaffin sojojin Amurka da suka halarci taro a wani otal a birnin Filadelfiya, wasu suka rasu. A farkon 1977 aka gano ƙwayar da ta haddasa ta, aka sa mata suna Legionella. Tana hayayyafa a ruwan da ya kwanta da zafin digiri 20 zuwa 45, kuma tana shiga jiki ne ta shaƙar feshin ruwa, kamar na shawa. Hitar da ke bin rarar rana tana da wannan haɗari fiye da ta kullum, domin a makon hadari ruwan na iya kwanaki yana tsakanin 35 da 40, daidai inda ƙwayar ta fi jin daɗi. Saboda haka ake ajiye ruwan tukunya a digiri 60, kuma ya kamata na'ura ta riƙa ƙirga kwanakin da aka yi ba a kai wannan zafi ba. In mako ya cika, to a rana ta farko da aka sami haske a ba hitar fifiko har ta kai, ko da za a ɗan taɓa batir.

Ma'aunin zafin ma sai an san inda aka sa shi. Ruwan zafi sama yake hawa, na sanyi ya kwanta a ƙasa, don haka ma'aunin da ke can sama zai ce an kai 60 alhali rabin tukunyar bai ɗumama ba. Kusa da ƙasa ko tsakiya ya fi ba da labarin gaskiya. A ɗaya ɓangaren kuma, ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, ballantana ta yaro ko tsoho. Akwai bawul mai sirkawa da ake ɗaurawa a bakin hitar, yana haɗa ruwan zafi da na sanyi da kansa kafin ya isa famfo. A gidan da ke da ƙananan yara, a sa shi tun ranar da aka ɗaura hitar, a kuma saita shi kada abin da ke fitowa ya wuce digiri 45.